Wace manhajar naɗar sauti za a zaɓa a bana? Amsoshin tambayoyin masu karatu

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani matashi a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, ga abin da ya rubuto: "Yaya, ina gaisuwa. Ni da abokaina biyu mun kama ɗaki za mu mayar da shi ƙaramin studiyo, mu riƙa haɗa kiɗan zamani da naɗar muryoyin mawaƙa. Kwamfutarmu ta hannu ce kuma tsohuwa, ƙwaƙwalwarta giga 4. Wani ya ce mana in ba Pro Tools muka sa ba wasa muke yi, wani kuma ya ce FL Studio ce ake yayi. Mun tara jaka 120. Wacce za mu saya?"

Ƙanena, ina amsa gaisuwa. Wanda ya ambata muku Pro Tools bai yi ƙarya ba game da darajarta, domin tun fitowarta a 1991 ta zama manhajar manyan studiyo na Amurka da Turai, kuma injiniyoyin can suna riƙe da ita ne saboda da ita suke musayar aiki a tsakaninsu. Sai dai tana buƙatar kwamfutar da ta fi taku ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kamfanin Avid ya fi sayar da ita ta hanyar biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Wannan yana nufin dole ku kasance da katin banki mai iya biya a ƙasashen waje, kuma duk watan da kasuwa ta yi sanyi kuka kasa biya, sai a rufe muku ƙofar aikinku. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma studiyon da bai fara kawo kuɗi ba bai kamata ya ɗaura wa kansa irin wannan nauyi ba.

FL Studio ta kamfanin Image-Line ce na ƙasar Beljiyam. Ta fara ne a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003, kuma wajen jera ganga da tsara sautin fiyano babu wadda ta fi ta sauƙin koyo, shi ya sa matasan da ke haɗa kiɗa suka rungume ta. Tana da wata kyakkyawar ɗabi'a da nake yaba mata, wato wanda ya saya sau ɗaya zai ci gaba da samun sababbin fitowa kyauta har abada. Amma ku yi hattara da tarko guda: mafi arhar nau'inta, Fruity Edition, ba ya naɗar murya daga makirufo. Nau'in da ke yin haka shi ne Producer Edition, wanda kuɗinsa ya kusa dalar Amurka 200, ke nan zai lashe kusan dukan abin da kuka tara, ya bar ku babu makirufo babu komai.

Idan dole ne in ambaci suna guda, Reaper zan ce, kuma dalilaina na ƙasar nan ne. Kamfanin Cockos ne ke yin ta, wanda Justin Frankel, mutumin da ya ƙirƙiro manhajar kunna waƙoƙi ta Winamp, ya kafa, kuma tun 2006 take hannun jama'a. Girmanta wajen saukewa a Windows bai wuce mega ashirin ba, don haka ba za ta cinye muku kuɗin intanet ba, kuma tana tafiya lafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Ana gwada ta cikakkiya tsawon kwana 60 kyauta. Bayan nan lasisinta dalar Amurka 60 ne ga wanda abin da yake samu a shekara daga wannan sana'a bai kai dala 20,000 ba, wato wajen jaka talatin da biyar na kuɗinmu, biya ɗaya. Ba ta neman a haɗa ta da intanet kafin ta buɗe, ana ma iya girka ta a kan kilen USB a tafi da ita wata kwamfutar. A garin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar baiti, musamman cikin zafin Afrilu da Mayu, ku shiga saitunanta tun ranar farko ku umurce ta da ta riƙa adana aiki da kanta duk bayan ƴan mintoci.

Tana da nata rauni, kuma gara ku sani tun yanzu. Kayan kiɗan da ke zuwa a cikinta kaɗan ne, fuskarta ba ta da ado, kuma da Turancin Ingilishi take magana, ko da yake masu amfani da ita sun yi mata fassarar Faransanci da ake ɗorawa. Ga kiɗan kuwa akwai halastacciyar hanya da ba ta cin ko sisi kafin ku tara kuɗi: nau'in gwaji na FL Studio yana barin mutum ya haɗa kiɗa ya fitar da shi a matsayin WAV, wato tsarin adana sauti da ba ya rage ingancinsa, abin da ya hana kawai shi ne sake buɗe aikin da aka adana. Sai ku kammala kiɗan a zama ɗaya, ku fitar da ganga daban, fiyano daban, ku shigar da su Reaper ku ɗora murya.

Sauran kuɗin nan, jaka tamanin da ɗoriya, shi ne ainihin inda ingancin sautinku zai fito. Dukan waɗannan manhajoji, idan aka ba su murya ɗaya da saiti ɗaya, abu ɗaya za su adana. Bambancin da kunne ke ji daga makirufo da ɗaki yake zuwa. Ku sayi akwatin shigar da sauti, wanda ƴan studiyo ke kira kart son, ko da mai ƙofa ɗaya ne, ku girka direban ASIO ɗinsa, wato ƴar manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta, domin shi ke rage jinkirin da mawaƙi ke ji tsakanin furta kalma da dawowarta kunnensa. Lokacin naɗa ku sa ma'ajiyar jinkiri, wato saitin da ake kira buffer, a 128 ko 256, lokacin tace aiki ku ɗaga ta zuwa 1024 don kwamfuta ta numfasa. Sababbin akwatunan Focusrite Scarlett sukan zo da lasisin manhajar naɗa ta Ableton Live Lite, na Steinberg kuma da ta Cubase AI, amma in na hannu kuka saya, mai yiwuwa ne mai shi na farko ya riga ya yi rajistar lasisin da sunansa, don haka kada mai sayarwa ya ƙara muku farashi a kan wannan. Game da makirufo, ku fara da nau'in dinamik irin Shure SM58 ko makamancinsa. Nau'in kondansa ya fi jin ƙananan sauti kuma yana buƙatar wuta bolt 48 daga akwatin, amma wannan kaifin kunne nasa shi ne zai kwaso muku fanka da kabu-kabun da ke wucewa da rediyon maƙwabta. In wani abu ya rage, ku ƙara ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kai giga 8.

Sannan ku tsaya a tsakiyar ɗakin nan ku tafa hannu sau ɗaya. In bangon siminti ne tsirara da rufin kwano, za ku ji tafin ya dawo muku da wata ƙara siririya, kuma wannan ƙara za ta manne a kowace murya, babu manhajar da za ta cire ta tsaf. Ku rataya barguna masu kauri nesa kaɗan da bango, ku jingina katifa a bayan mawaƙi, ku shimfiɗa darduma a ƙasa, ku sake tafawa har sai amon ya mutu.

Tambaya ta biyu daga wata ma'aikaciyar rediyon al'umma ce a jihar Tawa. Ta ce takan fita ƙauyuka ta yi hira da manoman albasa da mata masu sana'a, tashar tasu kuma tana da wata tsohuwar Adobe Audition a kwamfuta ɗaya tilo da kowa ke layi a kanta. Tana so ta riƙa tace shirinta a tata kwamfutar, ta cire ƙarar iska, ta kuma aika ta WhatsApp ba tare da murya ta lalace ba.

Malama, kada ki kashe ko sisi. Audition ta samo asali ne daga Cool Edit ta kamfanin Syntrillium, wadda Adobe ya saya a 2003, kuma shi ya sa tsofaffin ma'aikatan rediyo da yawa suka saba da ita, amma a yau sai da biyan kuɗi na wata-wata ake samun ta. Abin da kike buƙata, wato yanka da liƙawa da daidaita ƙarfin murya da ɗora kiɗan buɗe shiri, Audacity tana yin sa duka kyauta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a shekarar 2000, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana da Faransanci. Abu ɗaya da ke ruɗar sababbin shiga shi ne, idan kika adana aiki tana ajiye shi ne a nata tsarin mai suna aup3, wanda ba ya kunnuwa a waya ko a na'urar tasha, sai kin bi ta wajen fitarwa kin zaɓi WAV ko MP3.

Maganar iska kuwa, gaskiya ita ce maganinta yana gona, ba a kwamfuta ba. Abin rage hayaniya na Audacity yana aiki ne a kan ƙara mai ɗorewa wadda ba ta sauyawa, kamar gurnanin injin ban ruwa daga nesa. Ki naɗi daƙiƙa goma na wurin kafin kowa ya yi magana, ki nuna wa manhajar wannan yanki ta gane ƙarar, sannan ki rage ta kaɗan-kaɗan, domin in kika matsa da yawa muryar manomin za ta zama ta ƙarfe-ƙarfe. Bugun iskar hunturu a kan makirufo ba ya cikin wannan sahu. Ki sa masa soso ko rigar gashi, ki ba iska baya, ki kusantar da makirufon zuwa taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ki kuma lura kada ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar naɗarki ya wuce tsakanin -12 da -6 dB, saboda muryar da ta fashe a jan layi ba ta gyaruwa. Wajen aikawa, ki fitar da MP3 mai layi ɗaya, wato mono, ki zaɓi ingancinsa a 64 ko 96 kbps. A 64, shirin minti talatin bai kai mega 15 ba. Ki tura shi a matsayin takarda, ba saƙon murya ba, ta haka zai isa yadda kika fitar da shi.

Wani mai karatu ya tambaya a taƙaice ko akwai laifi ya karɓi FL Studio ko Cubase da ake zuba wa mutane a kasuwa kan jaka ɗaya ko biyu. Akwai, ta fuska biyu. Irin waɗannan kwafi da aka fasa makullinsu suna daga cikin sanannun hanyoyin da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga, kuma mai girkawa yakan fara da kashe maka kariyar kwamfutar, alhali a cikinta kake ajiye waƙoƙin mutane da ba su fito ba tukuna. Na biyu, mawaƙin da ke son hukumar BNDA, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Nijar, ta kare masa haƙƙin waƙarsa bai dace ya gina ta a kan haƙƙin wani ba, musamman da yake ga Audacity da Waveform Free da BandLab ta waya duk kyauta, ga GarageBand ga mai Mac ko iPhone.

Ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ne mazaunin Yamai, ɗan asalin ƙasar Adar. Yana da kawu dattijo masanin tarihin garinsu wanda kuma yake kaɗa gurumi, yana kuma da kwali cike da kasakasan tafsirin mahaifinsa, yana son adana duka biyun kafin lokaci ya ƙure.

Allah ya gafarta Malam, wannan aiki ne mai daraja, kuma irinsa ne cibiyar nazarin harsuna da tarihi ta CELHTO da ke nan Yamai take yi tun 1968 wajen tattara tarihin baka. Audacity ta ishe ka, domin a nan tsarin adanawa ya fi sunan manhaja muhimmanci. Ka naɗa a WAV, 48 kHz da bit 24, kada ka naɗa kai tsaye a MP3, saboda MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyi, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Awa ɗaya ta murya a layi ɗaya za ta ci wajen rabin giga, wanda ba wani abu ba ne ga faifan ajiya na yau. Don zuwa ƙauye, ƙaramar na'urar naɗa ta hannu irin Zoom H1n, mai aiki da ƙananan batura biyu, ta fi ɗaukar kwamfuta sauƙi, ba ta kuma tsorata dattijo. Ka ajiye ta a kan matashin kai tsakanin bakinsa da gurumin, ka zaɓi ɗakin ƙasa mai tabarmi a kan na siminti, ka kuma fara kowace naɗa da faɗin rana da gari da sunan mai magana, tare da yardarsa da bakinsa.

Kasakasan kuwa sai ka samu rediyo mai kasat wanda ke da lafiya, ka goge ɗan ƙarfen da ke karanta zaren kasat da auduga da ɗan alkol, ka haɗa mafitar sautinsa da akwatin shigar da sauti. Babu gajeriyar hanya a nan, kasat mai minti casa'in sai ya ci minti casa'in, kuma ka zauna kusa domin tsohon zare da ya sha zafi da ƙura yakan naɗe ko ya tsinke. Ka fara da waɗanda suka fi tsufa. Kada ka taɓa ainihin abin da ka kwafa da wani gyara. Ka yi kwafi na biyu ka rage masa ƙara, daga shi ne za ka fitar da MP3 ɗin da za a raba wa dangi. Na asalin ka ajiye shi a faifai biyu, ɗaya a gidanka a Yamai, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a Tawa, kuma ka riƙa kunna su kana dubawa ko sau ɗaya a shekara.