Amsa kan gorar da ta toshe amma ƙudan zuman bai fito ba

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryarka. Ka ce ka ɗaure guntayen gora a bangon gidanka na cikin gari, ƙudan zuman nan mai zaman kansa ya shiga ya liƙe baki da laka, shekara ta zagayo ba abin da ya fito, kana zargin hayaƙin mota. To ni dai ina ganin ba hayaƙi ba ne, tsaga gora ɗaya ka duba.

Ka san wannan ba irin ƙudan amya ba ne, ba sarauniya ba ma'aikata. Mace ɗaya ce ke komai. Ta tara garin fure, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta yi katangar laka, ta sake wani ɗaki, har ta kai baki. Mata tana ajiye su can ciki, maza kusa da ƙofa. Shi ya sa gajeriyar gora maza take ba ka. Ka yanka santimita 15 ko fiye, faɗin rami milimita 6 zuwa 10, gaɓa ta toshe bayan, kuma ka goge bakin don sartse yana yaga fiffike.

Yanzu abin da birni ke yi mata. Ba ta yin nisa, 'yan mitoci ɗari kaɗan ne iyakarta. Idan unguwa duk siminti ce da kwalta da intalok, fure yana can, laka tana can, to daɗewa za ta yi a waje, ƙofa a buɗe. Nan ɓarawo ke shiga. A Turai akwai wani ƙaramin ƙuda, ba na zuma ba, mai jajayen idanu, Cacoxenus, yana zama a bakin rami yana jiran uwa ta tafi, ya zuba ƙwansa, tsutsarsa ta cinye abincin, ɗan ƙudan zuman ya mutu da yunwa. Akwai kuma ƙudan zuman da ba ya gina nasa, sai dai ya saka ƙwai a ɗakin wani. Kuma in abinci ya yi ƙaranci uwar kan rage na kowane ɗaki, 'ya'yan su fito ƙanana, maza su yi yawa.

In ka tsaga ka ga tsutsa ta bushe ta yi tauri kamar alli, fumfuna ce, Ascosphaera, danshi ke ƙara mata ƙarfi. In ka ga ɗakin cike da wani abu kamar dusa yana motsi, ƙananan ƙwari ne masu cin garin fure, suna maƙale wa wanda ya tsira su bi shi sabon rami. In kuwa ɗan huji ne a jikin gorar kamar na allura, wata 'yar rina ce ta shiga.

A'a, bari in gyara, kar in ɗora wa birni duka laifin. Cunkoson da mu muke haɗawa ya fi ɓarna. A daji rami ɗaya nan, ɗaya can. Mu sai mu tara ɗaruruwa wuri guda mu bar su shekaru ba canji, mun yi wa cuta kasuwa kenan. A Toronto ta Kanada an bi irin waɗannan gidaje wajen 600, rahoton ya fito 2015, sai aka ga dangin rina sun fi ƙudan asalin yankin mamaye su. A garin ne ma aka ga ƙuda mai yankan ganye yana gina ɗaki da leda.

Kuma don Allah masu cewa a cika birni da amya don ceton ƙuda, ku daina. Wannan magana tana ƙona min rai. A Paris bincike na 2019 ya nuna inda amya ta yi yawa, ƙudan daji yana rage zuwa kan fure. Ƙudan amya da na daji fure ɗaya suke sauka, cutar naƙasa fiffike da cutar hanji Nosema nan ake barinsu. Kiwon kaji ba ya ceton tsuntsun daji, haka abin yake. Mu da wakenmu ke amfana da ƙudan daji irin mai huda itace da mai yankan ganye...

To dai, Malam, ka raba gorar ƙananan ɗauri, ashirin ashirin, nesa da juna. Ta fuskanci gabas, ruwa kar ya taɓa ta, kar ka manna ta da kwano don zafi na kashe tsutsa, kuma ka tare kiyashi. Ka canza ta duk shekara bayan sun fito. Ka bar wani lungu a tsakar gida ba siminti, ka riƙa jiƙa shi, don mafi yawansu ma a ƙasa suke haƙa rami. Ka turo hoton wadda ka tsaga mu gani.