Hukuncin harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, kuma in na taso daga aiki nakan harhaɗa ƙananan tankokin yaƙin duniya na biyu na sojan Birtaniya, irin su Churchill da Cromwell da Crusader, samfurin kamfanin Tamiya mai ma'aunin 1/35. Ina manna su da gam, in yi musu fenti har da tsatsa da taɓo. Yayana ya ce gumaka nake tarawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ita tankar kanta babu komai a kanta. Hanin da ya zo game da sura ya shafi mai rai ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibnu Abbas, sai ya karanta masa hadisin azabar masu yin sura, sannan ya ce in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Tanka ƙarfe ce da inji, hukuncinta ɗaya da motar kara da yaranmu ke ƙerawa. Ka yi mata tsatsa yadda ka ga dama.

Amma yayanka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin kwalayen tankokin nan sukan zo da sojoji, mutum-mutumi masu tsawon kamar santimita 5. Malamanmu na Malikiyya, kamar Dardir a sharhinsa na littafin Mukhtasar na Khalil, sun ce sura tana haramta in ta mai rai ce, tana da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Sojan da ke tsaye da kai da ƙirji da ƙafafu ya cika sharuɗɗan duka, ƙanƙantarsa ba ta fitar da shi. Rangwamen 'yar tsana da aka yi wa Nana A'isha na wasan yara ne, kai kuwa magidanci ne mai jera su a kabad.

Sai kwamandan da ke leƙowa ta ƙofar saman tanka, wanda wasu kamfanoni ke yinsa rabin jiki, an datse shi a ƙugu. Wannan a ƙa'idar mazhaba ba haram ba ne, tunda ya rasa abin da ba a rayuwa sai da shi. Wasu malamai sun tsananta, suka ce sai an cire kai, hujjarsu umarnin da Mala'ika Jibrilu ya bayar a yanke kan mutum-mutumi ya zama kamar bishiya. Ni dai da ni ne, rufe ƙofar zan yi in huta, tankar ba ta rage kyau ba.

Sitikun runduna ma a duba. Runduna ta 7 ta masu sulke, wadda ta yi suna a hamadar Libiya da Masar, tambarinta ɓeran hamada ne, ta 11 kuma baƙin bijimi. Wannan zane ne shimfiɗaɗɗe marar inuwa, iyakarsa karhanci a wurinmu. Gicciye kuwa, in ya fito a tuta ko tambari, kada ka manna shi, don Annabi (SAW) ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Sunan Crusader, wadda aka fara yaƙi da ita a 1941, ya samo asali daga mayaƙan gicciye, amma ambaton suna don tarihi ba girmamawa ba ne.

Abin da na fi jiye maka shi ne alwala. Busasshen fentin mai da gam mai ƙarfi suna hana ruwa taɓa fata, dole ka kankare su kafin ka yi, ko ka riƙa sa safar hannu lokacin aikin. Kuɗin kwali kuma kada ya ci na cefane, burushi kada ya riƙe ka har sallah ta wuce.

Allah ne mafi sani.