Malam, zan iya shiga ɗakin bautar Hindu a Banaras?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne ina karatu a Indiya, 'yan ajinmu sun shirya zuwa Banaras hutun nan, za mu hau kwalekwale a kogin Ganga sannan a shiga tsoffin ɗakunan bautarsu. Ni dai kallo kawai zan je yi da ɗaukar hoto, ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka yanki tikiti.

Toh zuwa garin kansa babu laifi. Banaras gari ne tsoho sosai, akwai musulmi da yawa a ciki, masaƙan da suka yi suna wajen saƙa sari na alharini, wato tufar da matan Indiya ke ɗaurawa, galibinsu musulmi ne, ga masallatai, ba za ka rasa inda za ka yi sallah ba. Allah ma cewa ya yi a Suratur Rum ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ka hau kwalekwalenka, ka kalli matakalun nan na dutse da suka gangaro bakin ruwa, ka ga gini.

Inda maganar take shi ne shiga ciki. Malamai sun yi saɓani kan shiga wurin bautar wanda ba musulmi ba, wasu sun halatta, Hanafawa sun karhanta, wasu kuma suka ce in akwai gumaka a bari. Bukhari ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa ba ma shiga cocinku saboda mutum-mutumin da ke ciki, kuma ranar buɗe Makka Annabi (SAW) bai shiga Ka'aba ba sai da aka fitar da gumakan. Kaga wannan fa a coci ake saɓanin, ina ga ɗakin da abin bautar ne a tsakiyarsa kuma ana kan bauta masa a lokacin da kake tsaye? Kashi Vishwanath, fitaccen ɗakin bautar garin, wanda ginin da ke nan yanzu na 1780 ne, ba kufai ba ne da aka bar wa masu yawon buɗe ido, layi ne na masu ibada tun asuba, kowa da furensa da madararsa zai zuba wa Shiba, abin bautarsu, kuma in ka shiga layin nan ba ka da ta cewa, wani zai dangwala maka jan abu a goshi, wani ya ɗaura maka zare a hannu, wani ya miƙo maka alawar da aka gabatar wa gunki, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a gaban abokai. Wannan shi nake ji maka tsoro wallahi, ba bangon ba.

Don haka abin da na rinjayar, kar ka shiga inda ake bautar. Da a ce wuri ne da aka daina bauta a ciki ya zama kayan tarihi, ko karatunka ne ya tilasta, da na sassauta maka.

Haka bikin wutar da suke yi kullum da yamma a matakalar Dashashwamedh da ke bakin kogi, ana kaɗa ƙararrawa ana juya fitilu don girmama kogin, ibada ce, kar ka je ka zauna dominta. Yara za su zo da ɗan ganye mai fure da kyandir su ce ka saya ka saki a ruwa, kar ka saya, kar kuma ka yi wanka da sunan neman tabarruki.

Sai dai ban yarda ka yi musu dariya ko ka zagi abin bautarsu ba, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. A Manikarnika inda suke ƙona gawa ka mayar da wayarka aljihu, mutane ne ke cikin makokin iyayensu. Abokanka kuma ka faɗa musu tun a jirgin ƙasa cewa kai a waje za ka jira su, in ka faɗa da fara'a za su gane.

Wallahu a'alam.