Kakanmu "landlord" ne a mashaya, ko muna da gadon filin?

Tambaya: Malam, ina zaune a Birmingham. Surukata Baturiya ce, ta ce kakanta ne "landlord" na wata mashaya a unguwar Aston da aka rushe tun tana yarinya. Yanzu wani mutum ya tuntuɓe ta a Facebook, ya ce filin na zuriyarsu ne, ta turo kuɗi ya buɗe fayil. Tsohuwar ta kasa barci. Ta ina za mu gano gaskiya?

Amsa: Hajiya, kafin komai, ki hana ta tura ko sisi.

Wannan kalma ta "landlord" ta ci kuɗin mutane da yawa, kuma na gaji da warware ta. A bakin masu mashaya a Ingila, ana nufin wanda lasisin sayar da giya ke hannunsa, shi ke tsayawa bayan teburin sayarwa yana kwana a saman bene da iyalinsa. Ginin kuwa, tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin giya suka sayi galibin mashayu, suka zuba ƴan haya bisa sharaɗin giyarsu kaɗai za a sayar. A Birmingham ma abin ya wuce haka: a wancan zamani kamfanonin giya na Ansells da ke Aston ɗin da kuma Mitchells & Butlers sun fi son sa manaja mai albashi. To mutumin da ake iya sallama da takarda guda, wane fili zai bar wa jikoki? Sau da yawa jika kan zo mini da hoton kakansa tsaye a ƙofa, sunansa rubuce a saman ƙofar, yana cewa ga hujja. Doka ce ta sa a rubuta sunan mai lasisi a wurin. Ɗaga ido sama kaɗan a hoton, yawanci za ka ga sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, ya ninka na kakan girma.

Ko da a ce kakan ne ya mallaki filin, rusau ɗin Aston na shekarun 1960, da aikin babbar hanyar Aston Expressway da aka buɗe a 1972, hukuma ce ta karɓi filaye ta biya diyya ga masu su a lokacin. Ga kuma dokar 1980 da ta sa wa'adin shekara 12 ga mai neman a mayar masa da fili. Ɗan damfarar nan ya san duk wannan. Kuɗin fayil ɗin yake so, gobe ya ce na lauya, jibi na haraji.

Tarihin kansa kuma yana nan, ba shi da wuyar samu. Ki je sashen adana tsofaffin takardu na babban ɗakin karatun birnin, Library of Birmingham, ki nemi rajistar lasisi. Tun dokar 1872 ake rubuta sunan mai lasisi da na mai ginin, kowa da gurbinsa, nan take gardama ta ƙare. Ki haɗa da kundin adireshi na Kelly's, shekara bayan shekara, za ki ga lokacin da sunansa ya shiga da lokacin da wani ya maye gurbinsa. Ƙidayar jama'a har ta 1921 a buɗe take; ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai ki cike giɓin da rajistar jama'a da aka yi a 1939.

Ki kula da abu guda: kada ki bi sunan mashayar kaɗai. Mashayu masu suna Red Lion kaɗai ɗari-ɗari ne a ƙasar, kuma an sha sauya lambobin gidaje. Ki samo tsohuwar taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta ƙasar, inda ake sa "P.H." a kan mashaya, ki tambayi surukarki wace kusurwar titi take tunawa, sannan ki gwada su biyun.