Amsa: Na Canza Katin Sadarwa, G.729 Ya Daina Aiki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sauya katin sadarwa a sabar da ke ɗauke da Asterisk, manhajar haɗa kiran waya, sai kiran G.729, wato kodek ɗin da ke matse murya don ta ci intanet kaɗan, ya tsaya cak, alhali fayil ɗin lasisi yana nan inda ka bar shi. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Sabar ce lasisin bai ƙara ganewa ba.

Lokacin da ka yi rajista, manhajar rajistar ta tattara lambobin MAC, wato lambar shaida ta kowane katin sadarwa da ke cikin na'urar, ta haɗa su ta fitar da abin da ake kira Host-ID, aka ɗaure lasisin a jikinsa. Duk lokacin da Asterisk ya tashi sai kodek ɗin ya sake lissafa wannan lamba. Idan ba ta zo ɗaya da ta cikin fayil ba, shi ke nan. Kuma ba sai ka cire kati ba, ko ƙara wani ka yi lissafin ya canza. Na taɓa ganin wanda ya kashe katin da ba ya amfani da shi daga BIOS, saitunan tushe na kwamfutar, da safe waya tana ƙara, ana ɗauka, babu murya. Masu VM, wato kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja a cikin wata kwamfutar, sun fi shan wannan wahalar, domin ana kwafar na'urar sai a ba ta sabuwar MAC. In VM ce taka, mayar da tsohuwar lambar da hannu, ka kulle ta kada ta sake motsi.

In kuwa ainihin kati ne ya mutu, nemo lambar da aka ba ka ranar da ka saya, ka sake rajista. A tsarin Digium, kamfanin da ya sayar da lasisin, kafin kamfanin Sangoma ya saye shi a 2018, dala 10 ake biya a lokacin kan kowace hanyar kira, ana kuma yarda ka sake rajista sau ɗaya. Bayan nan sai an tuntuɓi kamfanin. Daga yau ka riƙa ajiye kwafin /var/lib/asterisk/licenses a wani wuri daban.

Amma kafin ka kashe ko kwabo, duba ka gani ko kana ma bukatar lasisin. Ba wayoyinka ake ƙirgawa ba, kiran da sabar ke juya muryarsa a lokaci guda ake ƙirgawa. Idan wayarka da kamfanin da ke ba ka layi duk G.729 suke yi, muryar wucewa kawai take yi. Sai an zo naɗar kira, taron waya, ko saƙon da ba a adana da G.729 ba, sannan lasisi ke shigowa.

Ni a ganina ma lokacin G.729 ya wuce. An fito da shi a 1996, sa'ad da intanet ke da tsada: kilobit 8 a daƙiƙa maimakon 64 na kodek ɗin G.711, ko kusan 24 da 80 idan aka haɗa da bayanan da intanet ke ƙara wa muryar. Tun Janairun 2017 Sipro, mai kula da haƙƙin mallakar G.729, ta sanar cewa an daina karɓar kuɗin haƙƙin mallakarsa. Akwai bcg729, kodek ɗin G.729 na kamfanin Belledonne, a buɗe, babu ruwansa da MAC. Inda intanet ke da ƙarfi G.711 nake sakawa, inda wayoyi suka san kodek ɗin Opus kuma shi nake zaɓa.

Shiga Asterisk ka buga g729 show licenses, ka turo mana abin da ya fito, amma ka goge lambar lasisin tukuna.