Tambaya da Amsa: Ina so in haɗa ɗakin tuƙin jirgin sama a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai tun ina yaro nake son jirgin sama amma Allah bai yi na zama matuƙi ba, to kwanaki naga yadda wasu ke haɗa ɗakin tuƙi sukutum a cikin gidajensu da kujeru da makunnai kamar na gaske, suna tashi suna sauka a kwamfuta, wallahi abin ya shiga raina har na yi magana da kafinta zai yanka min katako siffar Boeing 737. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maza ka ce wa kafintan nan ya dakata tukuna, katako shi ne na ƙarshe ba na farko ba. Waɗanda ka gani da 737 ɗin nan yawancinsu shekaru suka kwashe suna tarawa ɗaya bayan ɗaya, allon makunnai na saman kan matuƙi kaɗai ya isa ya cinye maka watanni, kuma in ba ka san aikin kowane makunni ba ado kawai ka yi wa ɗaki.

Fara da manhaja. Akwai Microsoft Flight Simulator da ta fara fitowa tun 1982, sababbin su ne na 2020 da 2024, wajen kyan gani ba a magana amma tana jawo hotunan ƙasa ne ta intanet, in layinka ba ƙarfi zaka sha haushi. Akwai X-Plane 12 ta kamfanin Laminar Research, ita lissafa yadda iska ke bugun fiffike take yi sashe-sashe, kuma in ka gama saukewa tana aiki ko ba intanet. Sai FlightGear wadda kyauta ce tun 1997, ba laifi ka fara gwada kwamfutarka da ita. Ka sani duk sikirin ɗin da ka ƙara nauyi ka ƙara wa katin hoton kwamfutar, gara guda ɗaya babba da ke tafiya sumul da uku masu tsinkewa.

Daga nan ka zaɓi jirgi ɗaya tak, don Boeing sitiyari gare shi a gaba, Airbus A320 kuwa ƴar sanda ce a gefe, ba ka iya gina ɗakin da zai zama duka biyun. Shawarata Cessna 172, ƙaramin nan mai farfela ɗaya da aka ƙera sama da 44,000, da shi makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa. Tsohon samfurinsa manyan agoguna shida ne a gabanka: na gudu, na tsayi, na karkata, na juyawa, na alkibla, da na saurin hawa ko sauka. Ka samu sitiyari da totur da feda. Fedar nan mutane ke rainawa, alhali a ƙasa da ƙafa ake juya jirgin ba da hannu ba, birki ma a saman fedar yake, kuma da ka danna totur zaka tashi zaka ga hancin jirgin yana jan hagu saboda farfela, sai ka taka ƙafar dama ka riƙe shi a tsakiyar titi har gudunsa ya kai not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) sannan ka ja sitiyari a hankali.

To ga inda nake so ka kula. Ka ajiye takarda da biro kusa da kai, duk sanda hannunka ya saki sitiyari ya tafi neman linzamin kwamfuta a tsakiyar tuƙi, rubuta me ka je taɓawa. Bayan ƴan makonni zaka ga abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa, tayar daidaita hancin jirgi, makunnin filaf (faifan bayan fiffike da ake saukarwa wajen tashi da sauka), maɓallin canza tashar rediyo, na saita alkibla. Su zaka fara ginawa, takardar nan ita ce zanen ginin ka. Ko a nan ma da kwali zaka fara, ka yanka ka liƙa ka zauna ka miƙa hannu ka ji ko yana kaiwa. Kuma kujerar ofis mai taya ba ta yi, kana taka birki zata gudu da kai baya, haka teburi mara nauyi in ka ja sitiyari sai ya biyo ka. Sai duk wannan ya zauna sannan a kira kafinta.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne, na ɗan iya haɗa wayoyi da solda. Yaya ake yi makunni na gaske ya yi magana da jirgin cikin kwamfuta?

AMSA: Ƙanena ai ka riga ka yi nisa. Ka nemi ƙaramin allon lantarkin nan Arduino Mega 2560, yana da ƙafafu 54 na kunnawa da kashewa da wasu 16 masu karanta abin da ake murɗawa, sai ka haɗa shi da manhajar MobiFlight, kyauta ce kuma ba sai ka iya rubuta kod ba, nuna mata kawai zaka yi cewa makunnin da ke ƙafa kaza shi ne fitilar sauka. Maɓallin rediyo da na alkibla ka sa enkoda, wato irin wanda ke juyawa ba iyaka yana ƙas-ƙas, kowanne na cin ƙafa biyu, uku in ana danna shi, kaga ƙafafun suna ƙarewa da wuri fiye da yadda kake zato. Kowace ƴar fitila ka sa mata rezisto. Kowace waya kuma ka liƙa mata suna tun kafin ka rufe allon, ran da guda ta saki a cikin hamsin masu kala ɗaya zaka gode min. Agoguna kuwa tsohon tablet ko ƙaramin sikirin a bayan allo da aka huda ya wadatar. Kar ka yi ɗokin gilashin VR, wanda ake rufe ido da shi a ga kamar ana cikin jirgin, yana da daɗi sosai amma in ka sa ba ka ganin makunnan da ka sha wahalar haɗawa, sai lalube.

TAMBAYA: Malam ɗana ne kullum yana gaban wannan abin har tsakar dare, wai tuƙin jirgi yake koyo. Da gaske zai zama matuƙi da shi ko wasa ne kawai?

AMSA: Hajiya Allah ya raya shi. Ba wasa ne zalla ba, tun 1929 Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙi a Amurka, kuma yau manyan kamfanonin jirage a irin wannan na'ura suke gwada matuƙansu. Amma waccan hukumar sufurin sama ce ke tantance ta, da malami a zaune. Awannin da ya yi a ɗakinsa ko dubu ne ba a lissafa su, lasin matuƙi mai zaman kansa a Amurka yawanci sai da aƙalla awa 40 na horo, a Turai 45.

Abin da zai ƙaru da shi akwai: karanta agoguna, bin jerin dubawa kafin tashi, taswira, da magana da hasumiya, musamman in yana shiga dandalin intanet na VATSIM inda tun 2001 ƴan sa kai ke zama masu ba jirage umarni da irin kalaman da ake yi a gaske. Abin da ba zai samu ba shi ne yadda jiki ke jin jirgi, da nauyin sitiyari in iska ta buge shi, kuma malaman tuƙi sukan yi ƙorafin masu zuwa daga kwamfuta sun saba ƙura wa agogo ido maimakon leƙa waje. In kin ga da gaske yake, kafin a biya ko sisi a makaranta a fara kai shi wajen likitan da hukuma ta amince da shi, a duba ido har da bambance kala, da kunne da zuciya. Maganar tsakar dare kuwa ki sa masa lokaci, manhajar tana da maɓallin dakatarwa.