Yana magana a cikin mota, ana fito da shi ya cika: me ya jawo?

Tambaya: Malam, na ga haɗari a hanyar Zariya zuwa Kano. Sitiyari da gaban mota sun danne direba daga ƙugu zuwa ƙasa, ya yi kusan awa biyu yana magana da mutane. Ana zaro shi bai fi minti goma ba rai ya yi halinsa. Cire shi ɗin ne ya kashe shi?

Amsa: Allah Ya jiƙansa. Rauninsa ne ya kashe shi, maganar da yake yi ce ta ɓoye tsananin raunin. Ƙarfin da ya lanƙwasa ƙarfe har ya riƙe mutum ya riga ya ratsa jikinsa. Wani bincike a asibitocin Ingila daga 2012 zuwa 2018 ya gano cewa kusan 9 cikin 100 na waɗanda mota ta maƙale sun mutu, a kan 5 cikin 100 na waɗanda ba ta maƙale ba.

Abin da na fi zargi shi ne zubar jini ta ciki. Baligi yana da jini kamar lita 5. Karayar cinya ɗaya tana shanye lita 1 zuwa 1 da rabi, karayar ƙugu kuwa lita 2 ko fiye, ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Ƙarfen da ya danne shi yana toshe jijiyoyin da suka fashe. Ana ɗagawa sai jini ya ɓalle.

Na biyu, naman da aka danne awa ɗaya ko fiye yakan fara mutuwa, yana tara sinadarin fotasiyam da guba. Da zarar jini ya koma gudu, sai ya kwaso su zuwa zuciya, ta rikice. Wanda ya tsallake wannan, ƙodarsa na iya tsayawa bayan kwana ɗaya ko biyu, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Likita Eric Bywaters ya bayyana wannan a 1941, a kan mutanen da gine-gine suka danne a Landan lokacin yaƙi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke fara ƙarin ruwa ta jijiya tun mutum yana ciki.

Kada wannan ya sa a bar mutum a mota. Jinkiri ya fi jawo mutuwa. A binciken can, ƙasa da 1 cikin 100 na waɗanda suka maƙale ne lakarsu ta taɓu, don haka wanda yake cikin hayyacinsa kuma zai iya fita da kansa, a bar shi ya fita a hankali.

Kafin taimako ya iso, a kira 112 ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC). A kashe mota, a cire wayar batir, a sa duwatsu a tayoyi. Kada a kawo wutar walda inda fetur ya zube. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta. In a hannu ko ƙafa ne ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau, a rubuta lokacin. Kada a ba shi ruwa ko madara, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata na jiransa. Kada a fizge shi ta hannuwa: a buɗe ƙarfen da jak, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya, a zaro shi a kan katako. In ƙugu ake zargi, a ɗaure shi da zane daidai kwatangwalo, a wuce da shi asibitin da ke tiyata da ƙarin jini.